Malam Ya Shiga Gasar 'Yan Ƙarfe

Mijina ya haura hamsin a shekarar da ya fara ɗaga ƙarfe. Malamin makaranta ne, lissafi yake koyarwa, kuma tun da aka kawo ni gidansa ban taɓa ganin ya ɗauki abin da ya fi buta nauyi ba. Malam nake kiransa, haka ma duk unguwa.

Yana cikin waɗanda suka tafi Najeriya koyarwa lokacin da albashin nan Gana ya daina kai mutum tsakiyar wata, yana kuma cikin waɗanda aka koro. Ya dawo mana unguwarmu Tishigu, nan Tamale, a bayan babbar mota, da jaka ɗaya da tabarau mai karyayyen hannu. Ya tarar da mu cikin yunwa. Ruwa bai sauka ba, gobarar daji ta cinye ɗan abin da ya rage a gona, kasuwar Tamale ba komai sai masu neman saye. Kowa ƙashin wuyansa ya fito, har mutane suka riƙa zolayar juna wai an raba wa kowa sarƙa kyauta. Ta Malam ta fi ta kowa fitowa, don dama shi dogo ne siriri.

Yunwar ta wuce a hankali. Damina ta yi kyau, masara ta dawo, na koma sana'ata ta koko da ƙosai a bakin titi. Amma Malam jikinsa kawai ya dawo. An ba shi 'yan darussa a wata makaranta da safe, in ya taso sai ya shimfiɗa tabarma a gindin dogonyaron ƙofar gida ya zauna har la'asar. Ba ya faɗa, ba ya hira, tuwo ma sai ya ci rabi ya ture kwanon.

Kekensa ne ya kai shi wurin ƙarfe. Wata Asabar gindin sirdin ya ɓalle, ya tura keken zuwa unguwar Bulpiela wurin wani mai walda, tsohon ɗalibinsa, wanda a lokacin shi ma ya zama magidanci. A bayan shagon akwai fili da aka kewaye da tsohon kwano, inda maza ke taruwa da yamma suna ɗaga ƙarfe. Ba wasu kayan kirki ba ne: sandunan ƙarƙashin mota, da faya-fayan injin da ya mutu, da gwangwanayen da aka cika da siminti. Malam yana jiran gyara sai ya leƙa, ya ga ba kowa, ya sunkuya ya gwada ɗaga sanda ɗaya. Ko motsi ba ta yi ba.

Da ya dawo yana ba ni labari, dariya yake yi har yana cire tabarau yana share ido. Ya ce ya ja, ya sake ja, sai da ya duƙa ya duba ko an haɗa sandar da ƙasa ne. Ni ban ga abin dariya a ciki ba, amma na taya shi, don rabon da in ji wannan sauti a ɗakinmu tun kafin tafiyarsa. Washegari ya ce zai koma ya ga ko waldar ta kama da kyau. Waldar nan sai da ya shafe makonni yana zuwa dubawa.

Ban hana ba. Mutumin da ke barin rabin tuwo ya koma tambayar ko akwai saura a tukunya. Tafin hannunsa, wanda alli kawai ya sani, ya yi kanta. Shekara ta zagayo, ta biyu ta kama, rigunansa suka fara matse shi a kafaɗa har na farke wasu na ƙara musu ƙyalle. Mutanen unguwa sun sani, suna kuma yi masa tsiya cikin ladabi. In ya zo wucewa sai wani ya ce a kauce kada Malam ya ture katanga, shi kuma ya ɗaga hannu ya wuce abinsa.

Ana shirin shiga azumi, da sauran 'yan makonni, ya gaya mini maganar gasar. Muna cin tuwo da miyar ayoyo da rana. Ya ce 'yan ƙarfe na unguwanni sun haɗa kai za su yi gasa bayan ƙaramar salla, sun ware rukuni na waɗanda suka haura arba'in, mai walda kuma ya roƙe shi ya shiga don rukunin ba mutane. Na ce Allah ya ba da sa'a, ya dai kula da bayansa. A zatona ƙarfen za a ɗaga, wanda ya ɗaga mafi nauyi ya ci. Sai ya gyara zaman tabarau ya ce ai ba a ɗaga komai a wurin. Dandamali ake hawa, mutum ya cire riga, ya yi tsayuwa iri-iri yana ƙanƙame tsoka, alƙalai su duba wanda jikinsa ya fi ginuwa.

Na ce, "Malam, tsayuwa kawai?"

"Tsayuwa kawai."

"Ba riga, a gaban mutane?"

Ya ce e, ya ci gaba da cin tuwonsa bai ɗago ba. Na kalli furfurar gemunsa, na ce to.

Na san zai fasa in na nuna ɓacin rai, domin Malam bai taɓa son yin abin da zan ji kunyarsa ba. Na kwana biyu ina juya maganar. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne zaman nan na gindin dogonyaro. Na gwammace in ji an ce an ga mijina ba riga da in sake ganinsa a kan waccan tabarma.

Aikina na farko ciyarwa ne. Mai walda yana da wata tsohuwar mujallar Turawa da ta rasa bango, daga cikinta suke samo duk abin da suka sani, kuma wai mutanen ciki nama da ƙwai da madara suke ci safe da yamma. Nama a lokacin sai ranar suna ko biki. Na ce wa Malam ya bar mini wannan. Wake ina da shi saboda ƙosai, sai na riƙa yi masa tubani, in daka ƙuli-ƙuli in barbaɗa a kan komai, har cikin koko.

Akwai wata Bafulatana ƙawata da ke zuwa daga rugarsu can bayan Nyanshegu da ƙwarya a ka. Mun daɗe muna musaya, ta ba ni nono, in ba ta ƙosai ta kai wa yaranta. Na ce ta riƙa haɗo mini da wagashi, cukun nan nasu. Rani ne, shanu ba nono sosai, amma kullum sai ta ɓoyo mini ɗan curi a ƙarƙashin faifai. Da ta ga abin ya yi yawa ta tambaye ni ko mai jego na samu a gida. Na gaya mata gaskiya. Ta sauke ƙwaryar, ta zauna a ƙasa, ta yi dariya har ta gode Allah. Ta ce su ma in za su kai bijimi kasuwa haka suke yi masa, sai dai su sukan ƙara da kanwa. Daga ranar ba ta sake tambayar lafiyar Malam ba, sai dai ta ce yaya bijimin namu.

Aiki na biyu ban neme shi ba. Ashe tsayuwar nan koyonta ake yi, kuma a gaban madubi ake koya. A filin Bulpiela wani fasasshen madubin mota ne kawai, ga shi Malam yana jin nauyin cire riga a gaban mutanen da ya koyar. A gida kuwa sai nawa na kwalliya, wanda in ka ga hanci ba ka ganin haɓa. Wata rana bayan azahar ina tsintar wake, ya leƙo daga ɗaki ya ce, "Uwargida, ɗan zo ki duba mini wani abu." Ni kaɗai ce matarsa, amma haka yake kirana in yana neman alfarma.

Na shiga na same shi tsaye ba riga, ya juya mini baya, hannuwa a sama kamar wanda sojoji suka tare a hanya. Shafin mujallar yana kan gado. Ya ce in duba hoton, in duba shi, in gaya masa inda suka bambanta.

Sai a ranar na gane ban taɓa tsayawa na kalli mijina ba. Mun haifi 'ya'ya huɗu, mun aurar da biyu, amma a irin tarbiyyarmu mace ba ta zuba wa miji ido da rana tsaka. Na san tafiyarsa daga nesa, na san tarinsa, amma ban san yana da dogon tabo a ƙasan kafaɗa ba. Na tambaya, ya ce daga kan kaɗanya ya faɗo yana yaro, ya kuma yi mamakin ban sani ba. Ga kunya, ga dariya tana cina. Na rufe baki da gefen mayafi na ce ni dai bambanci ɗaya na gani, na hoton Bature ne.

Ya ce in yi magana tsakani da Allah. Sai na duba da kyau. Bayan ya yi faɗi, tsoka ta fito gefe da gefe kamar an ɗora doya biyu, amma kafaɗarsa ta hagu ta zube, ta dama tana sama. Shekara da shekaru yana rubutu a allo da hannu ɗaya, jiki ya saba. Na gaya masa. Ya ɗaga ta, ta daidaita, yana sauya tsayuwa ta sake faɗuwa.

Haka muka shiga yi kullum bayan azahar. Ya tsaya ta gaba, ya tsaya ta gefe, ya juya baya, ni ina bakin gado da faifan wake a cinya ina cewa ɗaga, sauke, shigar da ciki, saki fuska. Fuskar ta fi komai ba mu wahala. In ya ƙanƙame jiki sai ya haɗe rai ya fito da haƙora kamar mai ciwon ciki, in na ce ya yi murmushi kuma sai tsokar duk ta saki. Na ƙware har ta kai ina gane ranar da ya yi wasa da aiki a Bulpiela daga yadda damtsensa ya tsaya.

Gidan namu babba ne, ɗakuna a jere, iyalai da yawa, tsakar gida ɗaya. Matan gidan suka lura kullum bayan azahar ƙofarmu a rufe take, ana jin dariyata, ana jin nishin Malam. Ba wadda ta tambaya, sai dai in na fito ɗibar ruwa a riƙa yi mini barka da amarci. Wata tsohuwa 'yar Dagwamba da ke ɗakin ƙarshe ta ja ni gefe ta ce in akwai maganin da nake ba shi, in taimaka wa 'yarta da shi. Na rantse mata wake ne da ƙuli-ƙuli. Ba ta yarda ba.

Da azumi ya kama na ce wa Malam ba zan rufe ƙofa da rana a watan nan ba, kada a yi mana wani zaton. Ko dai a ajiye koyon, ko a yi shi a buɗe. Ya yi tunani ya ce dama a gaban mutane zai tsaya, gara ya fara da na gida. Muka ɗage labule. Ranar farko yara suka taru a bakin ƙofa, iyayensu suka zo korarsu su ma suka tsaya. Ba a jima ba abin ya koma tsakar gida, bayan la'asar, lokacin da kowa ke jiran shan ruwa ba ƙarfin yin komai. Tsohuwar nan ta zama alƙaliya ta biyu. Ita ce ta lura yana riƙe numfashi har idonsa ya yi ja, ta ce ya bari kada ya faɗi mana a nan a rasa mai ɗaga shi.

Azumin ya faɗo cikin zafi. Malam ya rage ƙarfe, yana zuwa Bulpiela da sassafe kawai kafin rana ta yi ƙarfi. Na damu ganin yana zubewa, amma mai walda murna ya yi, ya ce haka ake so, kitse ya tafi tsoka ta fito fili, su na mujallar ma da gangan suke hana kansu abinci. Malam ya ce to shi ya haɗa biyu, ga lada ga gasa. Da ruwa ya sauka zabi suka fara ƙwai, ƙawata ta riƙa kawo mini a ƙwarya cikin ƙaiƙayi, ina dafa masa na sahur.

Labari ya kai kunnen yayarsa. Ita ce babba a gidansu, ita ta goya shi, shi ne autansu, ni kuma har na yi jikoki amarya take ce mini. Ta zo da hantsi, ko zama sosai ba ta yi ba ta ce a kira mata auta. Ta ji an ce zai tsaya a gaban gari da ɗan kamfai irin na masu iyo. Malam ya durƙusa ya gaishe ta kamar yadda ya saba, ya saurara har ta gama. Ta ce ɗaga ƙarfe ba ta hana ba, kakansu ma ɗan kokawa ne kafin ya shiga fataucin goro, amma mutumin da ke tsayawa a sahun farko a masallaci ba zai nuna wa duniya cinyarsa ba.

Ya ce, "Yaya, ni ma abin yana damuna. Yadda zan gaya wa yaran Bulpiela ne ban sani ba."

Ta ce, "To ka ce ni na hana."

Ashe da gaske yana damunsa, ko ni ya kasa gaya wa. Ta tafi, ta sake dawowa da wani shuɗin yadi daga cikin adakarta, ta ce amarya ta ɗinka masa wando daga cibiya zuwa gwiwa. Na ɗinka da hannu, na matse shi yadda ba zai yi buhu ba. Mai walda ya zo har gida yana roƙo, ya ce alƙalai suna ba da maki a cinya, in ba su gani ba Malam zai yi asara. Malam ya ce su ƙiyasta. Ni da na fi kowa sanin abin da wandon ya rufe, na san ba asarar da zai yi, don aikin Bulpiela duk a sama ya tsaya. Ƙafafun Malam har lokacin na malamin lissafi ne, sirara kamar na zalɓe. Yaya ta rufa masa asiri fiye da yadda ta sani.

Sai maganar mai, don ana shafa wa jiki ya yi ƙyalli. Man kaɗanya muke da shi. Na narka, na tace, na gauraya da man gyaɗa don kada ya daskare ya yi fari. A gwajin farko hannuna ya yi nauyi, Malam ya fito tsakar gida yana ƙamshin ƙosai, ƙudaje suka bi shi, kyanwar gidan ta zo tana lasar ƙafarsa. Muka rage man gyaɗan.

An yi gasar wata Asabar bayan salla, da yamma, a filin wata makarantar firamare. Ban yi niyyar zuwa ba. Matan aure irina ba sa zuwa irin wannan wuri, Malam ma bai ce in zo ba. Na shafa masa man a gida, ya zura babbar riga a kai, ya hau keke. Ina tsaye a tsakar gida na rasa abin yi, sai ga ƙawata Bafulatana. Ta ce ba za ta ciyar da bijimi ba sannan a kai shi kasuwa ba ta gani ba. Ta ce in soya ƙosai in ɗauki tire, ai ba mai hana mai talla tsayawa. Na soya a gurguje. Tsohuwar ɗakin ƙarshe ta ɗauki sandarta ta biyo mu.

Wuri ya cika fiye da yadda na zata, don mutane sun daɗe ba su sami abin kallo ba. Dandamalin kuwa bayan wata babbar mota ce da aka sauke gefunanta. Samari suka fara, masu ƙirji kamar ƙyaure, ana ta tafi da shewa. An kawo rediyo mai kaset don kiɗa, amma batir ya yi sanyi tun ba a gama da samarin ba, muryar mai waƙar ta riƙa ja kamar mai jin barci har ta mutu. Wasu makaɗan Dagwamba da suka taso daga gidan biki suka karɓi aikin da kalangunsu, abin ma ya fi daɗi.

Aka kira rukunin dattawa. Su uku ne: Malam, da wani mahauci mai tumbi da wuya kamar turmi, da wani ɗan dako na tashar mota, gajere, wanda ya girmi Malam, jikinsa kamar an sassaƙa da gizago. Malam ya cire riga ya ninke ta a hankali kamar zai sa a akwati, ya cire tabarau ya ɗora a kai. Da aka ga shuɗin wando har gwiwa aka ɗan yi dariya. Sai daga can gefe wasu suka fara kiran tica, tica. Tsofaffin ɗalibansa ne, wasu da 'ya'yansu a kafaɗa.

Ya yi tsayuwar gaba lafiya lau, har da murmushin. Ta gefe ma ba laifi. Da aka ce su juya baya, ya ɗaga hannuwa, sai na ga kafaɗar hagu ta zube. Na shiga yi masa alama da hannu, na manta baya ya ba ni, kuma ko da ya juyo, ba tabarau ba zai bambanta ni da itace ba. Makaɗan sun ɗan tsagaita a daidai lokacin. Ban san sa'ad da na buɗe baki ba.

"Malam, ta hagun!"

Da muryar da nake kiran masu sayen koko na faɗa, ta kuwa kai har kan motar. Kafaɗar ta tashi nan take. Filin ya ɗauki dariya, kowa ya waiwayo yana neman mai maganar. Na ja mayafi na rufe fuska, ƙawata ta riƙe tiren kada ya kife. Malam bai juyo ba, amma ta ƙasan mayafin na ga bayansa yana rawa, yana ƙoƙarin danne tasa dariyar ba tare da ya saki tsoka ba.

Ɗan dakon ne ya ci, ba kuma wanda ya yi gardama. Malam ya zo na biyu. Ɗaya daga cikin alƙalan ya gaya masa cewa a cinya ba su ba shi komai ba tunda ba su gani ba, amma bayansa ya yi tsari. Mahaucin ya karɓi na ukunsa da fara'a, ya ce shi dama matarsa ce ta koro shi daga gida ya rage zama. Kyautar Malam jan bokitin roba ne da sandar sabulu. Ya ɗaure su a bayan keke, ya turo shi, muka taho a ƙafa kafaɗa da kafaɗa, abin da ba mu taɓa yi a titi ba, don a da yana gaba ne ina baya da nisa. Muna tafe ya leƙa tirena. Ya tambaya ko ƙosan ya ragu. Na ce tun kafin a kira su ya ƙare. Ya ce ai kuwa ban kyauta ba, shi da yake jin yunwa kamar ya ci babu.

Yaya ba ta je ba, amma kafin magariba labari ya kai mata. Washegari ta aiko da soyayyen zabo, da saƙon cewa a ba ta bokitin tunda yadinta ne ya ci. Malam ya kai mata da kansa. Sabulun kuwa na yanka na raba wa matan gida, tsohuwar ɗakin ƙarshe ta sami babban yanki.

Ranar Juma'a bayan an taso masallaci muka ji sallama, sai ga ɗan dakon, da wankakkiyar riga da hula. Ya tambayi hanya ne tun daga tasha har ya samo gidan. Hausarsa irin ta tasha ce, a cakuɗe da Dagwambanci, ni ma da nake mace "shi" yake ce mini. Ya ce ya zo gaida abokin tsayuwarsa. Na zuba musu tuwo. Suna ci ya gaya wa Malam cewa shi bai taɓa shiga irin wannan abu ba, yaran tasha ne suka sa sunansa, kuma da ya hau motar ji ya yi kamar ya sauka ya gudu, ganin Malam ya ninke riga a natse ne ya sa hankalinsa ya kwanta. Malam ya ce shi ma ninke rigar yake yi don ya jinkirta, da da hali da har yanzu yana can yana ninkewa. Suka yi ta dariya, na ƙaro musu miya.

Da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa ya ce wa Malam baɗi ma, in Allah ya kai mu, zai kayar da shi. Malam ya ce ya sani, amma duk da haka ya riƙa zuwa cin tuwo. Ya kuwa kayar da shi, ya kuma riƙa zuwa duk Juma'a, shekaru masu yawa, har lokacin da gwiwa ta gagare shi tafiya. Daga nan sai in zuba a kwano in ɗaure da ƙyalle, Malam ya rataya a keke ya kai masa, su ci tare a can.